Kanari da Bakteriyar Ruwan Kwata: Yadda Za a Nuna wa Ɗalibai Bambancinsu a Aikace

Idan aka tambayi ɗalibin ajin farko na babbar sakandare bambancin tsuntsu da bakteriya, amsar da ke zuwa bakinsa ita ce ɗaya babba ne, ɗaya kuma ido ba ya ganinsa. Amsar daidai take, sai dai a nan aka saba tsayawa, alhali nan ne bakin zaren. Girman nan shi ya wajabta wa tsuntsu huhu da zuciya da jini, ƙanƙanta kuma ita ta raba bakteriya da buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Wannan jagora ta malamin ilimin halittu ce da ke son ɗalibansa su gane hakan da idonsu da lissafinsu. Aikin yana cin kamar mako uku, kuma yawancin kayansa ana samunsu a kasuwa.

Tsuntsun da za a ɗauka shi ne kanarin da aka sani a keji a garuruwanmu, mai rawayan ciki da goshi, wanda sunansa na kimiyya Crithagra mozambica. Tsawonsa santimita 11 zuwa 13, nauyinsa kusan giram 12. In babu mai kanari a kusa da zai ba da aro, gwara ko marai da ke zuwa harabar makaranta sun wadatar, kuma babu dalilin tura yara su ɗana wa na daji tarko. A ɓangaren bakteriya za a dogara da Zoogloea ramigera, wadda ke haɗa curin laka mai yauƙi a wuraren tace ruwan ƙazanta, sannan a jawo wasu uku inda ake buƙatarsu: Sphaerotilus natans, Nitrosomonas da Escherichia coli.

Mataki na farko: kafa bokitin bakteriya

Da wannan ake farawa domin shi ne mai cin lokaci. Ana buƙatar bokiti mai cin lita 10, da ƙaramin famfon iska irin na masu kiwon kifi a gilashi, da tiyonsa da dutsen da ke fasa iskar ta zama ƙananan kumfa, da safar hannu ta roba, da tsumma mai tsabta na tacewa.

A ɗebo lita 6 na ruwan kwatar gida, wadda ruwan wanke-wanke da na wanka ke bi. A guji kwatar da masai ke zuba a ciki, da ta asibiti, da ta mayanka, saboda kwalara da taifot ta irin wannan ruwa suke yaɗuwa. A guji kuma ruwan da ya fito daga majema ko marina. Na majemar zamani, irin waɗanda ke Sharaɗa da Challawa a Kano, yana iya ɗauke da sinadarin kuromiyam, na marina kuma yana da kaifin toka, kuma dukansu suna kashe abin da ake son rainonsa. Malam ne zai ɗebo da kansa, da safa a hannu. Kada kowa ya leƙa ko ya shiga rufaffen rami don ɗibar ruwa, domin iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara.

A tace ruwan da tsumma, a zuba a bokiti, a ƙara cokali biyu na laka daga gindin kwatar a matsayin iri, a jefa dutsen iska har ƙasa, a kunna. Bokitin ya zauna a inuwa. Kowace safiya a kashe famfo na minti 30, abin da zai kwanta ya kwanta, a tsiyaye rabin ruwan sama a hankali ba tare da an taɓa lakar ba, a cika da sabo, a sake kunnawa. Daga kwana na uku ya fi kyau a daina ɗebo ruwan kwata gaba ɗaya, a riƙa ciyar da bokitin da rabin ƙaramin cokali na garin madara a cikin lita 3 na ruwan rijiya. Hakan yana rage haɗarin cuta ga yara, kuma yana sa abincin ya zama daidai kullum. In ruwan famfo za a yi amfani da shi, a bar shi ya kwana a buɗe tukuna saboda kulorin.

Wannan ita ce dabarar da Edward Ardern da William Lockett suka bayyana a 1914 a Manchesta ta Ingila: a hura wa ruwan ƙazanta iska, a riƙe lakar da ta kwanta, a sake ba ta sabon ruwa. Da ita manyan matatun ruwan ƙazanta ke aiki har yau, ciki har da ta Wupa a Abuja.

Cikin kwana 10 zuwa 20 za a ga ruwan ya cika da ƙananan curi masu launin ƙasa-ƙasa, kamar gayan fura da aka dama bai gama narkewa ba, warin kwata ya tafi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya maye gurbinsa. Gwajin lafiyarsa mai sauƙi ne. A cika silinda mai lita 1, ko gorar ruwa da aka yi wa zane, a ajiye minti 30. Laka mai lafiya tana kwanciya a dunƙule, ruwan sama ya yi garau. A matata ana raba mililitar lakar da ta kwanta da giram na busasshiyar laka da ke cikin litar: mililita 300 a kan giram 3 ya ba da 100, wanda ya yi kyau, amma in ya haura 150 matsala ta fara.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. In lakar ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce ta yi ƙaranci, ko wuta ta ɗauke cikin dare ko dutsen ya toshe. Ɗaukewar awa biyu ko uku ba ta kashe bokiti, amma ta kwana guda tana mayar da aiki baya, don haka famfo mai batir ko na sola ya fi. Farin kumfa mai tashi kamar na sabulu alama ce ta laka ba ta nuna ba tukuna, ko sabulun wanki ya yi yawa a ruwan. In lakar ta ƙi kwanciya, ta tsaya kamar auduga a cikin ruwa, bakteriya masu zare ne suka rinjayi masu curi, kuma yawan abinci mai zaƙi tare da ƙarancin iska na cikin abin da ke jawo su. A rage madara, a ƙara iska.

Mataki na biyu: kallon tsuntsu

Yayin da bokiti ke nuna, sai a koma kan kanari. A ajiye kejin inda babu hayaniya, yara su zauna nesa da kamar mita 2, a ba shi minti 10 ya natsu. Tsuntsun da ya firgita duk abin da aka ƙirga a jikinsa ƙarya ne.

A fara da ƙafa. Yatsu uku suna gaba, ɗaya yana baya, kuma na bayan dogo ne mai ƙarfi da ke damƙe reshe. Wannan ƙafa ita ce alamar babban rukunin tsuntsaye masu sauka a reshe, wanda ya ƙunshi fiye da rabin nau'in tsuntsayen duniya, kuma kanari da gwara da marai da jan baki duk a cikinsa suke. Sai baki, gajere mai kauri, na fasa ƙwayar acca da gero. Babu haƙori, ƙundu ne ke niƙa.

A ƙirga numfashi ta kallon motsin ƙirji ko wutsiya na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Kanari mai hutawa yakan ba da wajen 60 zuwa 80 a minti, yaran kuma su ƙirga nasu su kwatanta, za su samu ƙasa da 20. In rana ta take za a ga ya buɗe baki yana haki, saboda tsuntsu ba ya gumi, kuma zafin jikinsa yana tsaye tsakanin digiri 40 da 42 ko da sanyin hunturu ake. Riƙe wannan zafi a jiki mai giram 12 aiki ne mai cin abinci. A auna accar da aka zuba masa da safe a ƙaramin sikeli, washegari a hure ɓawon a auna saura, tare da tsince wadda ta zube a ƙasan keji. Yawanci abin da ya ci yakan kusanci kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. Mutum mai kilo 60 da zai ci haka, kilo 15 zai tashi da shi a yini. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da hure ɓawo, sai lissafi ya nuna kamar bai ci komai ba.

Kukan nasa ma abin dubawa ne. Muryar tsuntsu ba daga maƙogwaro take fita kamar tamu ba. Tana fita ne daga wata gaɓa a can ƙasan bututun iska, daidai inda ya rabu biyu zuwa huhu, kuma tsuntsu mai waƙa yana iya sarrafa kowane ɓangare daban. Namiji ne ya fi rerawa, kuma koyo yake yi daga manya, shi ya sa masu kiwo ke rataye kejin ƙarami kusa da na gwani. A jikin kanarin Turawa, ɗan'uwan namu, Fernando Nottebohm ya nuna a shekarun 1980 cewa ƙwaƙwalwar babban tsuntsu tana ƙera sababbin ƙwayoyin jijiya. Bakteriya ba ta da jijiya ko ɗaya, amma tana jin sinadarin abinci a ruwa ta juya wajensa da wutsiyarta.

Mataki na uku: lissafin girma da gwajin kafa

Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma ya cancanci awa guda cur. Zoogloea sanda ce mai faɗin kusan maikuromita 1 da tsawon 2 zuwa 3, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kanari mai santimita 12 yana da maikuromita 120,000, wato bakteriya 60,000 masu tsawon maikuromita 2 za a jera kai da ƙafa kafin a kai tsawonsa. A ba kowane yaro ƙwayar gero ɗaya, mai kamar milimita 3, a ce masa wannan ita ce bakteriyar an ƙara mata girma sau 1,500. A wannan ma'auni kanari zai kai mita 180, ya kusa filin ƙwallo biyu a jere. A nauyi tazarar ta fi haka: bakteriya tiriliyan ɗaya ne ke yin kusan giram ɗaya, don haka sai an tara tiriliyan 12 kafin a yi nauyin kanari guda.

Yanzu a nuna abin da wannan tazara ke haifarwa. A samo kafa mai tauri, wadda wasu ke kira agidi, ko ɗanyen dankalin Turawa, a yanka gunduwa uku da reza, kowace tsawonta da faɗinta da kaurinta ɗaya: mai milimita 3, mai santimita 1, mai santimita 3. A tsoma su tare cikin ruwan aidin da aka sirka har ya yi launin shayi, a bar su minti 15, a tsamo, a raba kowanne biyu. Aidin yana mayar da sitaci baƙi-shuɗi, kuma zurfin da ya shiga ɗaya ne a duka ukun. Ƙaramin zai rine ko ya kusa rinewa har tsakiya, babban kuwa baƙin zobe ne siriri a gefe, cikinsa fari fat. In kafar ta yi laushi za ta narke a ruwa, don haka a yi amfani da wadda ta kwana.

Haka iskar oksijin take shiga jiki in babu mai tura ta. A cikin ruwa tana ratsa maikuromita 1 a ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma santimita 1 sai ta ɗauki kusan awa 7, domin in nisa ya ninka sau goma, lokaci sau ɗari yake ninkawa. Bakteriya ita ce ƙaramin yankan: abinci da iska suna ratsa fatarta su kai ko'ina nan take. Kanari shi ne babban yankan, kuma da zai jira iska ta ratsa shi da kanta, tsakiyar jikinsa za ta mutu tun kafin ta iso. Saboda haka yake da huhu mai tara iska, da jini mai ɗaukarta, da zuciya mai ɗaki huɗu da ke bugawa sau ɗaruruwa a minti. Huhun tsuntsu ma ya fi namu dabara: jakunkunan iska da ke gaba da bayansa suna sa iska ta bi ta cikinsa ta hanya ɗaya, ko yana shaƙa ko yana fitarwa.

Curin lakar bokiti yana bin wannan doka shi ma. In ya yi girma da yawa, bakteriyar da ke tsakiyarsa ba ta samun oksijin, kamar farin cikin kafar nan.

Mataki na huɗu: madubin likita

Gilashi biyu za a shirya a ajiye gefe da gefe. Na farko jinin tsuntsu ne. Ba a taɓa kanarin ba, ɗigo ɗaya daga lafiyayyar kaza da aka yanka yanzu ya isa, domin jinin tsuntsaye tsarinsa ɗaya ne. A sa ɗigon kusa da bakin gilashi, a ja shi da gefen wani gilashin a karkace har ya bazu siriri, a bar shi ya bushe a iska, a zuba masa metanol na minti ɗaya, sannan rinin Giemsa da aka sirka kashi ɗaya cikin goma na minti 10, a ɗauraye. Duk ɗakin gwajin da ke duba zazzaɓin cizon sauro yana da wannan rini. A ƙarin girma sau 400 za a ga jajayen ƙwayoyin jini masu siffar ƙwai, tsawonsu wajen maikuromita 12, kowace da cibiya mai duhu a tsakiya. Cibiyar nan ita ce ɗakin da aka killace kundin gado a ciki, kuma ita ce iyakar da ta raba halittun biyu. Kada a taɓa mataccen tsuntsu ko kaza mai ciwo don wannan aiki. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci.

Na biyu ɗigo ne daga lakar bokiti, a rufe da siririn gilashi. A fara da sau 100, a rage hasken madubin, domin haske mai yawa yana shanye abin da ba a rina ba. Abin da zai fara ɗaukar idon yara shi ne halittu masu motsi: wasu kamar ƙararrawa a kan tsinke suna tsukewa suna miƙewa, wasu suna rarrafe a kan curi. Nan take za su ce ga bakteriya. A tsayar da su a nan, domin waɗannan masu cin bakteriya ne, suna da cibiya, kuma a tsarin ƙwayar halitta sun fi kusa da kanari a kan bakteriya nesa ba kusa ba. Ganinsu da yawa alama ce ta bokiti mai lafiya. Bakteriyar kanta sai a sau 400 take bayyana, ɗige-ɗige da 'yan sanduna cunkushe a cikin curi. In aka sa ɗigon baƙar tawadar zane a gefen gilashin, za ta mamaye ko'ina ta bar curin yana haske, saboda yauƙin da Zoogloea ke fitarwa ba ya barin tawada ta shiga. Wani lokaci curin yakan yi rassa kamar yatsu. Dogayen zaruruwa da ke fita daga curi kuwa irin su Sphaerotilus ne, sanduna a jere cikin kube ɗaya, kuma su ne farin gashin da ake gani yana kaɗawa a jikin duwatsun rafin da ƙazanta ta yi wa yawa. A rubuta "mai kama da" a gaban kowane suna, domin siffa kaɗai ba ta tabbatar da nau'in bakteriya.

Sai rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884. A shafa lakar siriri, ta bushe, a gilma gilashin ta kan harshen wuta sau uku. Rini mai launin shuɗi-shuɗi na kiristal bayolet minti 1, a ɗauraye. Aidin minti 1, a ɗauraye. Alkohol daƙiƙa 10 zuwa 15 kacal, a ɗauraye da sauri. Safranin minti 1. A duba a sau 1,000 da ɗigon man madubi. Masu kaurin bango suna riƙe shuɗin, masu siririn bango irin Zoogloea da E. coli suna fitowa ja-ja. Alkohol ne ke ɓata aikin: in ya daɗe kowa ya zama ja, in shafin ya yi kauri kowa ya zama shuɗi. Duk yadda aka juya madubi ba za a ga cibiya a cikinsu ba. Kundin gadon E. coli zobe ɗaya ne mai harafi kusan miliyan 4.6, yana kwance tsirara a cikin ƙwayar, na kanari kuwa ya haura harafi biliyan ɗaya, an raba shi a sanduna wajen 80.

Bangon nan da rini ya nuna shi ne abin da fenisilin ke rushewa. Ƙwayar jikin tsuntsu ba ta da shi, shi ya sa maganin ke kashe bakteriya ya bar mai ciwon. Akwai kuma wani abin da ya kamata yara su ji: 'yan injinan da ke ƙona abinci a cikin kowace ƙwayar tsokar kanari, wato maitokondiriya, asalinsu bakteriya ne da suka zauna cikin wata ƙwaya tun fiye da shekara biliyan ɗaya, kuma har yau suna riƙe da nasu ƙaramin zoben gado.

Mataki na biyar: wa ke shan iska

Yara suna yarda tsuntsu yana numfashi domin sun ƙirga. Ga yadda za su yarda laka ma tana yi. A cika kwalba biyu masu murfi da ruwan bokiti tare da lakarsa. Ta ɗaya a tafasa abin cikinta minti 10, ya huce, a girgiza shi ya sha iska. A ɗiga wa kowace rinin metilin bulu har ta yi shuɗi mai haske, a ƙara ɗan sukari a bakin cokali, a cika har baki yadda kumfa ba zai saura ba, a toshe, a sa a duhu. Cikin 'yan awoyi, wani lokaci sai washegari, shuɗin kwalba mai rai zai ɓace, na dafaffiyar yana nan. In aka buɗe aka girgiza, shuɗin ya dawo. Rinin yana rasa launi ne idan bakteriya sun shanye oksijin. Kada a yi amfani da bilic wajen kashe ta gwajin, domin shi da kansa yana cinye launin. In rinin ya yi yawa kuma, yakan hana bakteriyar aiki.

Litar iska tana ɗauke da oksijin wajen miligiram 270, litar ruwa mai zafin digiri 30 kuwa ba ta riƙe fiye da 7.5. Wannan ne dalilin da matata ke kashe mafi yawan wutarta a kan hura iska, don kawai ta riƙe kamar miligiram 2 a lita. In oksijin ya yanke, kanari mintoci kaɗan gare shi. Saurin numfashinsa ne ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanarin Turawa don ya faɗakar da su iska mai guba, har zuwa 1986. Bakteriyar kwata da yawa kuwa sauya hanya kawai suke yi. Wasu su koma numfashi da naitiret su saki iskar naitirojin, wadda ita ce ke ɗago lakar silinda sama in an bar ta awa biyu. Wasu su yi da salfet, su saki iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Mataki na shida: haihuwa

Kanari sai namiji da mace, sai sheƙa, sai ƙwai 3 ko 4, kwanci na kwana 13 zuwa 14, sannan kusan mako uku iyaye suna ciyarwa kafin 'ya'ya su tashi. Kowane ɗa ya ɗauko rabi daga uwa rabi daga uba. Bakteriya tana kwafe zobenta ta tsage biyu. E. coli a abinci mai kyau da zafin digiri 37 tana yin haka duk minti 20. A ba yara su ninka da kansu a allo: awa 8 ninki 24 ne, ɗaya ta zama fiye da miliyan 16. A faɗa musu kuma cewa a kwata abinci da iska ba sa barin hakan ya ɗore, kuma Nitrosomonas takan ɗauki awa 8 zuwa yini ko fiye kafin ta rabu sau ɗaya, shi ya sa in aka zubar da laka da yawa ita ce ke fara ɓacewa daga bokiti. Bakteriya tana kuma miƙa wa maƙwabciyarta ƙaramin zoben gado ko da ba nau'insu ɗaya ba, kuma ta wannan hanya jure wa magani ke yaɗuwa a ruwan ƙazanta. Tsuntsu ba ya gadon komai sai daga iyayensa.

Mataki na bakwai: kashin tsuntsu a cikin bokiti

A nan halittun biyu suke haɗuwa. A shimfiɗa takarda a ƙasan keji a duba kashin: baƙin daga hanji yake, farin kuwa shi ne fitsarin tsuntsu, sinadarin yurik asid da ke fita da ruwa kaɗan, domin tsuntsu mai waƙa ba shi da mafitsara. A jiƙa takardar kafin a kankare, kada ƙurar busasshen kashi ta tashi a shaƙa. A zuba rabin ƙaramin cokali a lita 2 na ruwan bokiti mai laka, a ci gaba da hura iska, a daina ba shi madara. Da takardun gwajin ruwa na masu kiwon kifi a auna amoniya da naitirait da naitiret kowace rana, a zana a allo. Amoniya ce ke fara hawa yayin da bakteriya ke farfasa farin kashin. Bayan kwanaki ta sauka naitirait ya hau, aikin Nitrosomonas ke nan. Daga baya wasu, irin Nitrobacter da Nitrospira, su mayar da shi naitiret, wanda shi ne abin da shuka ke sha daga takin kaji da na tattabara. Sergei Winogradsky ne ya nuna, wajen 1890, cewa waɗannan ba sa cin abinci irin namu sam: ƙarfinsu daga amoniya ko naitirait yake, jikinsu kuma daga iskar kabon suke gina shi. In layin ya tsaya a tsakiya, a duba tsami. Aikin yana sa ruwa ya yi tsami, kuma ƙasa da 6.5 a ma'aunin pH yana tafiyar hawainiya. Ɗan garin kanwa a bakin cokali yana gyara shi, amma a sa kaɗan-kaɗan ana aunawa.

Wajen rubuta suna

Dukansu suna biyu ake ba su, na dangi da babban baƙi, na nau'i da ƙarami, amma dokokin daban suke. Sunayen dabbobi ana lissafa su daga littafin Linnaeus na 1758, na bakteriya daga 1 ga Janairun 1980. Nau'in tsuntsu yana jingine da samfurin da aka adana a gidan tarihi, na bakteriya kuwa da rayayyen iri da aka ajiye a ma'adana biyu a ƙasashe biyu. Da yake dokokin ba sa leƙa juna, suna ɗaya yana iya faɗawa kan dabba da bakteriya: Bacillus sunan bakteriya ne kuma sunan wani ƙwaro mai kama da tsinke, Proteus ma bakteriya ne kuma wata dabbar kogo ce a Turai. Ɗalibin da ke bincike a intanet ya duba rukunin da aka sa halittar kafin ya kwafe bayani.

Kwashe kaya

Gilasan madubi da silinda da kwalabe a jiƙa su minti 30 a bilic da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, sannan a wanke. A zuba wa bokitin kofi biyu na bilic, a juya, a bar shi awa ɗaya, a zubar a masai, ban da kwata ko kusa da rijiya. Kada a haɗa bilic da ruwan da amoniyarsa ke sama a rufaffen ɗaki, a yi shi a waje. Safar hannu a ƙone ta ko a binne, kowa ya wanke hannu da sabulu har wuyan hannu kafin ya taɓa abinci. Kejin kanari kuma kada ya kwana a ɗakin da aka yi aiki da metanol ko bilic, a mayar da shi ga mai shi da sabon ruwa da acca tun kafin a buɗe kwalaben.